An Ba Mu Rahoton, An Kuma Ce Kada Mu Yaɗa Shi: Me Doka Ta Ce?

"Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne, kuma sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Shekara uku ke nan ana aikin magudanar ruwa da toshe kwazazzabon da ke cin gefen gari, amma duk damina sai ruwa ya rusa gidaje. Mun rubuta wa wata ma'aikatar tarayya a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan zirga-zirga mai yawa suka ba mu kwafin rahoton da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta musu a kan aikin. Sai dai a bangon rahoton an rubuta cewa haƙƙin mallakarsa na ma'aikatar ne, ba a yarda a kwafi ko a wallafa kowane ɓangarensa ba sai da rubutaccen izini, kuma jami'in da ya miƙa mana ya ja mana kunne a kan haka. Niyyarmu mu fassara shi gaba ɗaya zuwa Hausa, mu sa a shafinmu na Facebook, mu kuma karanta a wani shiri na rediyo. Shin idan mun yi haka mun karya doka? In kuwa mun karya, mene ne amfanin ba mu takardar da ba za mu iya nuna wa jama'a ba?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya, domin na san abin da ake sha kafin a zaro takarda ɗaya daga hannun ma'aikata. Idan na fahimce ka da kyau, doka ɗaya ce ta sa aka miƙo muku rahoton, sai kuma aka ɗauko sunan wata dokar aka rubuta a bangonsa don a ɗaure muku hannu, kana son sanin wacce ce ke gaba da wata. Zan fara da gajeriyar amsa kafin in shiga dalilai. Abin da rahoton ya gano, wato yawan kuɗin da aka kashe da tsawon magudanar da ingancin aikin da kurakuran da aka tafka, babu wanda zai hana ku faɗa wa jama'a shi da sunan haƙƙin mallaka, a Facebook ne ko a rediyo ko a ƙofar fadar hakimi. Abin da ake iya jayayya a kansa shi ne jimlolin rahoton kamar yadda marubucinsa ya tsara su, da taswirori da zane-zane da hotunan da ke ciki. Daga cikin abubuwan da kuka yi niyya kuwa, fassara shi kaf daga bango zuwa bango shi ne ya fi kusa da bakin rami, ko da yake shi ne ya fi kama da aikin lada.

Dokoki biyu, kowace da inda ta dosa

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta daɗe a hanya. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙungiyar Civil Liberties Organisation suka fara fafutukar samar da ita, ƙudurin ya shiga majalisa a 1999, majalisa ta kammala amincewa da shi a 2007 amma Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu. Ta ba kowane mutum ikon neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, da damar ƙarin wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa, ta kuma taƙaita kuɗin da za a karɓa zuwa kuɗin yin kwafi. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya je kotu, a can kuma hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, kuma idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000. Dokar ta lissafa abubuwan da ake iya hanawa: tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, binciken laifi da ake cikin yi, bayanan sirrin mutum, sirrin kasuwancin wani, abin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta, tambayoyin jarrabawa, da makamantansu. Haƙƙin mallaka ba ya cikin dalilan da aka ambata da suna. Ba ta kuma tanadi cewa hukuma za ta gindaya wa wanda ta ba takarda sharaɗin abin da zai yi da ita ba. Saboda haka jan kunnen da jami'in nan ya yi muku bai samo ƙarfinsa daga wannan dokar ba.

Ɗaya dokar ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988. An yi ta ne domin marubuci da mawaƙi da mai shirya fim da mai zane su ci gumin aikinsu, kada wani ya kwashe ya buga ya sayar. Misalin da nake yawan ba mutane shi ne na littafi. Idan ka sayi littafi a kasuwa ya zama naka, kana iya karanta shi, ka ara wa maƙwabci, ka zauna a majalisa ka ba da labarin abin da ke ciki tun daga farko har ƙarshe, ka ma rubuta sharhi kana sukar marubucin. Abin da ba ka da ikon yi shi ne ka kai shi maɗaba'a a buga maka kwafi dubu. Rahoton da ke hannunku ma haka yake: dokar farko ta mallaka muku kwafin da abin da za ku sani daga cikinsa, ta biyu kuma tana magana ne a kan sake buga shi.

Shi kuwa rubutun da ke jikin bangon, kada ya tsorata ku, kada kuma ku ɗauka rashinsa zai wanke ku. A Najeriya haƙƙin mallaka ba ya buƙatar rajista ko tambari, yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin da ya cancanta. Takardar da doka ba ta kare ba, ko an cika bangonta da gargaɗi ba ta samu kariya ba, wadda doka ta kare kuma tana da kariyarta ko ba a rubuta komai ba. Jimlar nan ta cewa ba a yarda a kwafi kowane ɓangare ba ta wuce gona da iri, domin dokar da kanta ta halatta ɗaukar wasu ɓangarori, ta ma ce duk sharaɗin yarjejeniyar da ya nemi hana abin da ta halatta ba shi da inganci.

Wace takardar gwamnati ce ke da mai ita?

A nan ne mutane da yawa, har da wasu lauyoyi, suke ruɗewa, domin takardun gwamnati ba jinsi ɗaya ba ne. Sashe na 3 na dokar 2022 ya fitar da wasu abubuwa daga cikin haƙƙin mallaka baki ɗaya. Daga ciki akwai matanin hukuma na dokoki da na gudanar da mulki, tare da fassarar da hukuma ta yi musu, sai tutar ƙasa da tambarinta da takenta da zanen takardun kuɗi. Wannan ya yi daidai da Yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993, wadda ta bar wa kowace ƙasa zaɓin yadda za ta yi da irin waɗannan matani. Ke nan dokar kasafin kuɗi, da ƙa'idojin da aka buga a gazet (mujallar sanarwar gwamnati), da takardar umarni da ma'aikata ta fitar, kowa na iya kwafe su ya fassara ya raba. Hukuncin alƙali ma tun a tsohuwar dokar an ware shi daga abin da ake karewa. Abin da ake karewa shi ne aikin mawallafin da ya tattara hukunce-hukunce ko dokoki ya tsara su a kundi ya ƙara musu bayani.

Amma dokar ba ta tsaya nan ba. Sashe na 7 ya ba da haƙƙin mallaka ga aikin da gwamnati ko wata hukumarta ta yi, ko aka yi a ƙarƙashin umarninta da kulawarta, na tsawon shekara 50, kuma sashe na 28 ya ce idan babu wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka, haƙƙin na gwamnatin ne ko hukumar da ta sa aikin. Wannan gado ne da muka ci daga Ingila, inda takardun gwamnati suke mallakin masarauta tun da daɗewa. Amurka ta bi wata hanya dabam: dokarta ta 1976 ta ce aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka ko kaɗan, kuma a ranar 27 ga Afrilu 2020 Kotun Ƙolinsu, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta hana jihar Jojiya iƙirarin mallakar kundin dokokinta mai sharhi, bayan jihar ta kai ƙarar wata ƙungiya da ta sa kundin a intanet kyauta. Dalilin kotun shi ne babu wanda ke mallakar doka. Ita kanta Ingila tun 2010 ta fito da wani buɗaɗɗen lasisi da ya ba kowa izinin kwafe mafi yawan takardun gwamnati matuƙar ya faɗi inda ya samo. A ra'ayina abin da ya kamace mu ke nan, domin aikin da aka biya da kuɗin jama'a bai dace a ce jama'a sai sun roƙi izini kafin su karanta wa junansu shi ba. Amma ra'ayina ba shi ne doka ba, kuma ba zan ba ka shawara a kan dokar da nake fata ba.

Rahoton injiniyoyi irin naku ya fi kama da abin da sashe na 7 ya kare. Lauya zai iya tsayawa a kotu ya ce rahoton matanin gudanar da mulki ne, musamman idan ma'aikatar ta amince da shi ta gina shawararta a kansa, kuma hujja ce da ake iya saurare, amma ni ba zan kafa gidana a kanta ita kaɗai ba. Akwai kuma tambayar wane ne mai shi a zahiri. Bangon ya ce ma'aikata, to amma wasu kamfanonin ƙwararru sukan rubuta a takardar kwangila cewa haƙƙin rahotonsu yana hannunsu, gwamnati amfani kawai aka ba ta izinin yi. Haka nan hoton tauraron ɗan'adam ko taswirar da aka liƙa a ciki tana iya kasancewa ta wani kamfani na uku wanda bai san da ku ba, bai san da kwazazzabonku ba.

Abin da ke hannunku

Wancan sashe na 3 da na ambata ya fara ne da cewa ra'ayi da hanya da tsari da abin da aka gano da tsurar alƙaluma ba su da haƙƙin mallaka. Wannan ita ce babbar ƙofarku. A ce rahoton ya nuna an biya kuɗin kwalbati shida amma biyu aka gina, kuma kaurin kankaren bai kai abin da aka rubuta a kwangila ba. Idan kun rubuta da Hausarku cewa injiniyoyin da ma'aikata ta tura sun tarar da kwalbati biyu a inda aka biya kuɗin shida, kun faɗi shafin da za a duba, to ba ku taɓa haƙƙin kowa ba, domin gaskiyar lamari ba ta da mai ita. Kuna iya bin rahoton babi bayan babi kuna ba da ma'anarsa da kalmominku, ku zana naku jadawalin da alƙaluman da ke ciki, ku ɗauki naku hoton a bakin kwazazzabon ku sa kusa da abin da aka ce an yi.

Bayan wannan akwai abin da sashe na 20 ya kira amfani bisa adalci. Ya halatta a ɗauko daga aikin wani don nazari, ko bincike wanda ba na neman kuɗi ba, ko suka da sharhi, ko ba da rahoton abin da ke faruwa, da sharaɗin a ambaci sunan aikin da mai shi. Alƙali zai auna abu huɗu: manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauko daga ciki, da yawan abin da aka ɗauka idan an kwatanta da dukan aikin, da kuma ko hakan ya kashe wa mai aikin kasuwa. Uku daga cikinsu suna tare da ku. Manufarku kare rayuka da gidaje ce, rahoton na bayanin abin da aka auna ne ba ƙagaggen labari ba, kuma ma'aikata ba sayar da shi take yi ba balle ta ce kun rage mata ciniki. Wanda ya rage, wato yawa, shi ne inda fassara kaf take karya ku, domin fassara tana cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai haƙƙi, kuma wanda ya fassara dukan littafi ya ɗauki dukan littafin ne, ko da babu kalma ɗaya ta asali da ta rage. Abin yana yi mini ciwo, domin rahoton da aka rubuta da Turancin injiniyoyi a kan garin da yawancin mutanensa Hausa suke ji, tamkar ba a ba su komai ba ne sai an fassara. Dokar ta tanadi hanyar neman lasisin fassara daga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya don koyarwa da bincike, amma hanya ce mai sharuɗɗa da jira, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Akwai wata hujja da nake ganin ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ba kasafai masu neman bayani suke lura da ita ba. Sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ya wajabta wa kowace hukuma ta wallafa wasu takardu da kanta ba sai an tambaya ba, daga ciki har da rahotannin binciken gani da ido da nazarce-nazarce, ko ita ta yi su ko wani ya yi mata, da bayanan shiga da fitar kuɗi, kuma ya ce a yaɗa su sosai ta hanyar bugawa da intanet da ofisoshinta. Ya ma ba kowa ikon kai hukuma kotu don a tilasta mata yin haka. To ma'aikatar da doka ta ɗora wa nauyin yaɗa rahoto, da wane baki za ta tsaya gaban alƙali ta ce an cuce ta saboda wani ya yaɗa? Sashe na 15 ma, wanda ya kare sirrin kasuwancin kamfanoni, ya ce ba a hana ɓangaren takarda da ke ɗauke da sakamakon gwajin muhalli da aka yi wa hukuma. Sannan ƙaramin sashe na 3 na sashe na 27 ya ce ba a gurfanar da wanda ya karɓi bayani ko ya ƙara bayyana shi, a ƙarar farar hula ko ta laifi. Sai dai wannan jimla tana karɓar karatu biyu. Ana iya cewa ta rufe duk wanda ya samu bayani ta hanyar dokar, ana kuma iya cewa tana magana ne kawai a kan bayanin da ma'aikaci mai fallasa ɓarna ya fitar, tunda a bayan wannan maganar ta zo. Ni karatun farko nake goyon baya, amma garkuwa ce da zan riƙe a kotu idan an kai ku, ba takardar izini ba ce da zan miƙa muku tun yanzu.

Abin da ya faru a wasu wurare

Amfani da haƙƙin mallaka don rufe abin kunya ba a kanku aka fara ba. A 1980 gwamnatin Ostireliya ta je kotu don hana wasu jaridu buga takardunta na tsaro da hulɗar waje, ciki har da waɗanda suka shafi Gabashin Timor. Alƙali Mason ya ƙi karɓar hujjar sirri domin gwamnati ba ta nuna cutarwar da za a yi wa jama'a ba, amma ya ba ta umarnin hanawa a kan haƙƙin mallaka. Duk da haka bayanin bai ɓoyu ba, domin daga baya waɗanda suka tattara takardun sun fitar da abin da suka ƙunsa da kalmominsu.

Shari'ar da ta fi kama da taku ta faru ne a Jamus. Hukumar tarayya mai tantance haɗarin kayan abinci da sinadarai ta rubuta wani gajeren rahoto a 2015 a kan gilifoset, maganin kashe ciyawar nan da manomanmu ma suke fesawa, dangane da zargin yana jawo cutar daji. Wani dandali mai suna FragDenStaat ya nemi rahoton ta hanyar doka, aka ba shi, ya sa a intanet, sai hukumar ta samo umarnin wata kotu a birnin Kolon a 2019 cewa a sauke shi saboda haƙƙin mallaka. Masu dandalin suka sauke, amma suka ce wa jama'a tunda doka ta ba kowa ikon nema, kowa ya nemi nasa kwafin. Mutum fiye da 40,000 suka aika takardar buƙata, har ya zama dole hukumar ta buɗe wata hanya ta intanet don su karanta. Daga baya kotuna suka yanke cewa wallafawar ba ta saɓa doka ba. Hukuncin Jamus ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma dabarar tana aiki a ko'ina, domin babu abin da ya hana mutum ɗari a garinku kowa ya rubuta tasa wasiƙar.

Inda ƙafa ta fi zamewa

A cikin aikina, wasiƙun barazana a kan haƙƙin mallaka da na gani daga hukumomi sun fi ƙarar da aka shigar yawa nesa ba kusa ba, kuma dalilin a fili yake: wanda ya kai ƙara a Babbar Kotun Tarayya, inda ake sauraron irin wannan shari'a, dole ya amsa cewa rahoton nasa ne kuma sahihi ne, ya kuma ajiye shi a gaban kotu inda 'yan jarida za su gani. Na taɓa zama da wani ɗan jarida da aka aiko wa irin wannan wasiƙa a kan rahoton wata hukuma. Muka baje takardun a kan teburina, na ɗauki jan biro ina ja wa alƙaluma da ranaku layi, shi kuma yana zagaye jimlolin da yake ganin dole a kawo su yadda suke, domin idan aka sauya lafazinsu za a ce ƙage ya yi. Da muka gama sai muka tarar jimlolin da yake buƙata da gaske ba su cika shafi biyu ba. Ya buga labarinsa da su, ya ambaci sunan rahoton da shafukan, kuma wasiƙa ta biyu ba ta zo ba.

Waɗanda na ga sun sha wuya kuwa ba ta wannan ƙofar matsala ta shigo musu ba. Wata ƙungiya ta ɗauki hoton dukan takardun da aka ba ta ta watsa a waya, ashe a ƙarshensu akwai jerin mutanen da za a biya diyyar gonaki, da lambobin wayarsu da na asusun banki. Kafin mako ya zagayo 'yan damfara sun fara kiran tsofaffi suna cewa daga ofishin biyan diyya suke. Irin wannan ya shafi Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, ya kuma zubar da mutuncin ƙungiyar a idon mutanen da take cewa tana karewa. Saboda haka ku duba rataye-ratayen da ke bayan rahotonku da kyau. Abu na biyu shi ne ɓata suna. Idan rahoto ya ce aikin bai kai ma'aunin da aka shata ba, mai fassara kuma cikin zafin rai ya rubuta cewa ɗan kwangila ya sace kuɗin, to wannan maganarsa ce ba ta rahoto ba, kuma shi zai kare ta. An sha kama masu rubutu a intanet da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, kuma ko da yake an rage faɗinsa a gyaran 2024, kwana biyu a hannun 'yan sanda ba ya jiran fassarar lauya. Dokar haƙƙin mallaka ma ta ba marubuci ikon ƙin yarda a jirkita aikinsa ta yadda zai taɓa mutuncinsa, don haka fassarar da ta sauya ma'ana tana iya jawo ƙorafi daga injiniyoyin kansu. Ku nemi wani injiniya ɗan garinku ya duba kalmomin fasaha kafin ku fitar.

Da ni ne a matsayinku, ga yadda zan bi da lamarin. Zan rubuta wa babban sakataren ma'aikatar wasiƙa mai ladabi, in tuna masa da sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai, in nemi su wallafa rahoton a shafinsu, in kuma nemi rubutaccen izinin fassara shi zuwa Hausa don amfanin jama'a ba don sayarwa ba, tare da tambayar ko haƙƙin yana hannunsu ne ko hannun kamfanin. A tabbatar an buga wa kwafinku hatimin karɓa. Shirun da za su yi ba izini ba ne, kada ku ɗauke shi haka, amma wasiƙar shaida ce ta kyakkyawar niyya idan magana ta yi nisa. Ba kuma zan jira amsarsu ba kafin in fitar da cikakken bayani da Hausa a kan abin da rahoton ya gano, da kalmomin ƙungiya, ina kawo muhimman jimloli kaɗan yadda suke tare da fassararsu da lambar shafi, ina ambaton sunan rahoton da kamfanin da ya rubuta da ma'aikatar da ta bayar da ranar da aka ba mu. Taswira ko zane zan sa ne kawai inda bayanin ba zai fahimtu ba sai da shi. Cikakken kwafin kuma a ajiye shi a ofishin ƙungiya, duk mai shakka ya zo ya karanta da idonsa, domin nuna wa mutum takardar da ke hannunka ba sake buga ta ba ne. A rediyo ma haka, a yi shirin tattaunawa a kan rahoton maimakon karanta shi layi bayan layi, kuma a gayyaci ma'aikatar da ɗan kwangilar su faɗi nasu, ko sun zo ko ba su zo ba. Game da Facebook, ku sani kamfanin yakan sauke abu idan an kai masa ƙorafin haƙƙin mallaka tun kafin wata kotu ta ce komai, kuma yawan ƙorafi na iya sa a rufe shafi, don haka bayanin da kuka rubuta da kanku ya fi hoton shafukan rahoton wuyar saukewa.

Idan wani ɓangare na aikin yana hannun gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma, kuna iya rubuta musu su ma. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta yanke cewa dokar ta shafi dukan matakan gwamnati.

Sai dai ka riƙe cewa ni ban ga rahoton ba, ban ga wasiƙar da aka haɗo shi da ita ba, ban kuma ga takardar kwangilar da ke tsakanin ma'aikatar da kamfanin ba, alhali jimla ɗaya a cikin kwangilar tana iya sauya wanda ya kamata a nemi izininsa. Amfani bisa adalci kuma awo ne da alƙali ke yi a kan kowace shari'a da yanayinta, ba wanda zai ba ka tabbacin adadin shafukan da in ka tsaya a kansu ka tsira. Kafin ku shiga rediyo, ku ba wani lauya na kusa da ku rubutun ya karanta tare da rahoton a gefe. In kuma da hali, ka aiko mini da hoton bangon, da shafin da ke ɗauke da sunan kamfanin, da wasiƙar ma'aikatar, bayan ka rufe sunan jami'in da ya sa hannu, daga nan zan iya gaya maka wanda za a fara rubuta wa.